Injiniyancin Tsari da Tafiyar da Ayyukan Gini a Karkara: Nazari kan Gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake tafiyar da ayyukan gini na jama'a a gundumomi uku na jihar Maraɗi, ta kuma auna abin da injiniyancin tsari zai iya ƙara musu. Hujjarta ita ce, ana bayar da kwangila gunduwa-gunduwa, ana karɓar aiki gunduwa-gunduwa, alhali abin da talaka ke jira, wato ruwa mai lafiya ko hatsi ya isa kasuwa, ba ya samuwa sai gunduwoyin sun haɗu sun yi aiki tare. An kafa hujjar a kan rijiyar Tibiri da kuma kasuwannin sari da hanyoyin karkara da aka tsara da tallafin asusun bunƙasa noma na duniya, wato FIDA.

Gabatarwa



Babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ita ce ta ɗinke gundumomin nan uku. Matafiyi zai fara ratsa Gidan Rumji kafin ya kai Maraɗi, sannan ya bi ta Cadawa, Agiye da Gazawa ya faɗa Tasawa. Gazawa ƙaramar 'yar'uwa ce, a 2011 aka cire ta daga jikin Agiye. Yanzu Agiye na da ƙananan hukumomi biyu, Agiye da Cadawa; Gazawa ma biyu, ita da Gangara; Gidan Rumji kuwa biyar, har da Tibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Ƙasa ce ta gero, wake, gyaɗa, riɗi da aya, kuma tana cikin yankunan da jama'a suka fi cunkushewa a karkarar Nijar. Wannan cunkoso yana da ma'ana ga magini: da wuya ka ja layin hanya ko ka buɗe ramin marmara ba ka taɓa gonar wani ba.

Ayyukan da nake magana a kansu ba manya ba ne a idon duniya. Hanyar marmara ce mai kilomita 20 ko 30, ajin makaranta, rijiyar burtsatse da tankinta, rumbun kasuwa, ƙaramar madatsar da ke rage gudun ruwa a ƙorama. Za a iya cewa injiniyancin tsari, ilimin da aka kai mutum wata da shi, ya fi ƙarfin irin waɗannan. Ni kuwa ina ganin a nan aka fi buƙatarsa, domin inda kuɗi suka yi ƙaranci, aikin da ya lalace ba a cika samun damar sake shi ba.

Abin da ake nufi da injiniyancin tsari

Fannin ya tsiro ne a ɗakunan binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka a shekarun 1940, lokacin da injiniyoyi suka lura cewa kowace na'ura tana iya zama lafiya lau amma kiran waya ya ƙi tafiya. Arthur D. Hall, ɗaya daga cikinsu, ya fitar da littafi kan hanyoyin fannin a 1962. Shirin Apollo ya ƙara masa suna, aka kafa ƙungiyar masanansa a 1990, wadda yau ake kira INCOSE, sannan a 2002 aka fitar da ƙa'idar ISO/IEC 15288 mai bayanin matakan rayuwar tsari tun daga tunani har zuwa ranar da za a daina amfani da shi.

Idan aka tace, abu huɗu ne. A rubuta buƙatar masu amfani da aiki ta yadda za a iya gwada ta. A san iyakar tsarin, me ke ciki, me ke waje amma yana taɓa shi. A ba kowace mahaɗa, wato inda sashe ya gamu da sashe, mai ita. Sannan a raba tambaya biyu da muka saba cakuɗawa: shin an gina abin yadda zane ya ce? Shin abin da aka gina yana biyan buƙatar da ta sa aka gina shi? Ta farko zan kira ta tantance gini, ta biyu tantance amfani.

Masu kuɗi ma suna faɗawa ramin sakaci da waɗannan abubuwa. Filin jirgin sama na Berlin Brandenburg a Jamus an so buɗe shi a 2011, bai buɗu ba sai 31 ga Oktoba 2020. Gini ya tsaya da ƙafarsa tun da wuri. Babban abin da ya riƙe shi shi ne tsarin kashe gobara da fitar da hayaƙi, wanda sassansa suka ƙi aiki tare.

Tibiri: ruwa ya zo, lafiya ta tafi

Ba sai mun je Jamus ba. A 1985 aka fara ba mutanen Tibirin Gobir ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa ya fito, famfo ya kawo, mata suka huta da guga. Sai da aka yi kusan shekara 15 ana sha kafin a tsayar, bayan an tabbatar cewa sinadarin fuloraid da ke cikinsa ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, wato miligiram 1.5 a kowace lita, fiye da sau uku. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwa suka lanƙwashe, ɗaruruwa suka nakasa nakasar da ba ta warkewa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin a 2002.

Ban kawo wannan don tone-tone ba. Na kawo shi ne domin babu misalin da ya fi shi nuna tazarar da ke tsakanin tambayoyin nan biyu. Idan awon da kake yi shi ne zurfin rijiya, yawan ruwan da take bayarwa a awa, ƙarfin tanki da tsawon bututu, kana iya sa hannu da zuciya ɗaya. Amma buƙatar asali ita ce yaro ɗan shekara 3 ya sha ruwan nan shekara da shekaru ƙashinsa ya tsaya daidai. Da an rubuta ta haka, da dole ta haifi gwajin sinadari kafin a buɗe famfo, da wani gwajin a kai a kai, da sunan wanda zai karanta sakamako, da ikon rufe famfo a hannunsa. Akwai kuma mahaɗar da ba ta da mai ita: tsakanin masu ruwa da masu asibiti. Ma'aikacin lafiya yana ganin haƙora, mai famfo yana ganin mita, kuma cikin shekarun nan babu wani gwaji ko rahoto da ya kai ga tsayar da rabon ruwan.

Haɗin Gwiwa: rabin aikin da aka riga aka yi

Agiye ta daɗe da asusun FIDA. An yi shirin raya karkara na PDRAA a shekarun 1990, PPILDA ya biyo baya daga 2005, sai PASADEM a 2012 wanda ya faɗaɗa zuwa sauran jihar, sannan ProDAF a 2015 da ya haɗa Maraɗi, Tawa da Damagaram. Daga PASADEM aka shigo da wani tunani da ya cancanci yabo: maimakon a warwatsa ayyuka, a zaɓi gari mai kasuwa a matsayin cibiya, a gina masa kasuwar sari, a kewaye shi da wuraren tattara amfanin gona, a haɗa su da hanyoyin karkara. Cadawa da Gidan Rumji suna cikin garuruwan da aka zaɓa. Kafin a zuba siminti kuma, ana kafa dandalin tuntuɓa mai suna Haɗin Gwiwa, inda manoma, 'yan kasuwa, dillalai, 'yan dako, masu motoci da ƙaramar hukuma ke zama su tattauna wurin da za a yi kasuwa da yadda za a tafiyar da ita.

Ko ba a kira shi da sunan ba, wannan matakin farko ne na injiniyancin tsari, kuma an yi shi da Hausa, a gaban waɗanda abin ya shafa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka bari in faɗi inda nake ganin giɓi. Abin da aka faɗa a dandali magana ce. Abin da ke ɗaure ɗan kwangila takardar kwangila ce, kuma ita da mita da tan take magana. Tsakanin bakin direba da alƙalamin mai zane, buƙata kan sauya kama ko ta ɓace.

A ce direbobi sun faɗa a zama cewa suna son kasuwar da babbar mota za ta shiga ba wahala. Injiniyan tsari zai mayar da ita jimla mai gwaduwa: mota mai ɗaukar tan 30 ta shiga, ta yi lodi, ta fita ba tare da ta ja da baya ba, ranar cin kasuwa, ko da an kwana ana ruwa. Daga wannan jimla guda za a fitar da faɗin ƙofa, da filin juyawa, da kaurin dandamali, da magudanar ruwa, da yadda bakin kasuwa zai gamu da kwalta, da inda amalanke za su tsaya don kada su toshe hanya. Gwajinta kuma ba ya buƙatar na'ura: ranar karɓar aiki a kawo mota da kayanta ta shiga a idon kowa. Haka za a yi wa buƙatar mata masu abinci, da ta mai awo da ke son inuwa da wurin zuba hatsi a auna da tiya. Kowace buƙata a ba ta lamba, a rubuta wanda ya kawo ta, da shafin zanen da ya amsa ta, da gwajin da zai tabbatar. Idan kuɗi suka gaza aka ce a rage wani abu, takardar za ta nuna buƙatar wa aka yanka, kuma a koma a gaya masa.

Giɓi na biyu ya fi wannan girma. Kasuwa kwangila ce, hanya kwangila ce, ruwa da lantarki wasu ne daban, sau da yawa ma kuɗinsu ba daga aljihu ɗaya suke fitowa ba. Kowane ɗan kwangila yana iya gama nasa a biya shi, amma idan kilomita biyun da suka ratsa fadama ba su kammalu ba, buhun wake yana nan ƙauye. Jadawalin da ya kamata a riƙa dubawa a taron wata-wata shi ne na ranar da buhu zai iya tashi daga wurin tattarawa ya kai kasuwa.

Hanya da ruwa

Duk hanyar da aka ɗaga sama da ƙasa ta zama madatsa, ko mai zane ya nufa ko bai nufa ba. Ruwan da a da yake bazuwa cikin gonaki yanzu sai ya taru ya nemi kwalbati, ya fito ta ɗaya gefen da ƙarfi. A ƙasar jigawa, inda rairayi ba ya riƙe kansa, damina biyu ko uku sun isa wannan ruwa ya haƙa kwazazzabo ya nufi gari. Mai kwangila bai yi laifi ba, iyakarsa bakin kwalbati. Mai gonar da ke ƙasa kuwa ba a taɓa lissafa shi cikin aikin ba.

Shi ya sa tambayar iyaka take da nauyi. Gulbin Maraɗi, wanda ke bi ta Tibiri da Gidan Rumji kafin ya koma Najeriya, daga ƙasar Katsina yake tasowa, kuma madatsar Jibiya tana da hannu a yawan ruwan da ke isowa da lokacin isowarsa. Wanda zai zana mashigi ko ƙaramar madatsa a kansa dole ya sa Jibiya cikin lissafi, ko da ba shi da iko da ita. Gulbin Kaba kuma, a ɓangaren Gazawa da Agiye, kwari ne da ya fi zama a bushe, har mutum ya manta hanyar ruwa ce. Daminar 2024, wadda ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, ta nuna cewa awon ruwan sama na shekarun fari bai isa a dogara da shi wajen yanke girman kwalbati ba. Dattawan gari sun san inda ruwa ya taɓa kaiwa. Wannan shaida a rubuta ta cikin binciken farko, a sa mata alama a taswira.

Wani abin da ba ya shiga lissafin kayan aiki shi ne itace. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agiye ya yi suna a duniya kan sassabin zamani, inda manomi ke barin tsiron itace a gona yana renonsa. Gawo da sabara da ke gefen hanya suna rage iskar da ke binne ta da rairayi, suna kuma rage gudun ruwa. A ido na sashe ne na hanyar, kamar yadda magudana take. Haka batun fili: a ƙarƙashin tsarin dokar karkara ta 1993 an kafa kwamitocin filaye tun daga gunduma har ƙauye. Layin hanya, ramin marmara da duk inda aka ratsa burtali ya kamata su bi ta hannunsu kafin a kira masu neman kwangila. Idan aka bari sai katafila ta iso, rigimar kwana ɗaya tana iya cin wata guda.

Kalanda da kan iyaka

Shekarar kasafi daga Janairu take farawa, shekarar magini kuwa daga ƙarshen kaka. Idan takardu suka ja aka sa hannu a Mayu, to an ba da aiki ne a bakin damina: daga Yuni zuwa Satumba lebura yana gona, mota ba ta kai wa ramin marmara. Bayan girbi samari da yawa sun tafi cin rani. A Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, kankare yana son ruwa safe da yamma, kuma ruwan nan daga rijiyar da gari ke sha za a ɗebo shi. Duk waɗannan sanannu ne, sai dai ba a cika lissafa su baya-baya ba, wato a fara daga ranar da ake son aiki ya fara amfani a dawo a gano ranar da dole takarda ta fita daga ofis.

Siminti da rodi kuma suna zuwa ne daga Malbaza ko daga ƙetaren iyaka. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Abin da ya faru sau biyu cikin shekara biyar ya wuce a kira shi ba-zata. Ya kamata kwangila ta faɗi tun farko wa zai ɗauki ƙarin farashi. Jama'a ma suna sauyawa. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka shigo gundumar Gidan Rumji, har aka tsugunar da wasu a Cadakori. Rijiya ko makarantar da aka auna da ƙidayar jiya sai ta wayi gari ta yi kaɗan. Injiniyancin tsari ba ya hana sauyi. Abin da yake nema shi ne duk sauyin da aka yi a rubuta shi, a bi sawunsa a ga me ya taɓa.

Shekarar garanti

A al'adar kwangilolinmu ana karɓar aiki sau biyu, karɓar wucin-gadi da ta ƙarshe, galibi da shekara guda a tsakani, ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila. Wannan shekara ita ce damar tantance amfani, kuma ita muka fi yin sakaci da ita. Kwamiti kan dawo ranar da kalanda ta cika, ya duba tsagewar bango, ya sa hannu. Shawarata a rubuta ziyara biyu cikin kwangila: ɗaya washegarin babban ruwa na farko, a bi hanya a ga inda ruwa ya kwanta da inda ya ci, ɗaya ranar kasuwa a tsakiyar kaka, lokacin da kaya suka fi yawa. Ga rijiya, a ƙara gwajin ruwa a ƙarshen rani, a liƙa sakamakon a asibitin gari.

Bayan nan sai kulawa. Kafin a aza tubali a san wane kaso na harajin kasuwa zai tafi gyara, kuma wa ke riƙe da shi. Zanen abin da aka gina a zahiri, wanda sau da yawa ya bambanta da na farko, a ajiye kwafinsa a ƙaramar hukuma da ofishin injiniyoyin karkara na gunduma. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo. Duk abin da ke cikin kan magajin gari kawai, ya tafi da shi gida.

Wa zai riƙe mahaɗa?

Na san abin da ma'aikatan ayyuka za su ce: takardu sun riga sun yi mana yawa, ga jadawalin manufa, ga rahoton wata uku. Gaskiya ne. Amma waɗannan suna ƙirga kilomita da ajujuwa ne domin mai ba da kuɗi. Abin da nake nema bai wuce shafi uku ba: jerin buƙatu da gwajinsu, jerin mahaɗai da sunan mai kowace, da jadawali guda da ya haɗa dukan kwangiloli. Ina ma tsoron kada a mayar da maganar ta zama sayen manhajar kwamfuta mai tsada da taron bita a otal.

Abin da ya fi takarda wuya shi ne mutum. Dole a sami injiniya guda a matakin gunduma wanda aikinsa shi ne tsakanin kwangiloli, a ba shi babur da mai, a kuma ba shi ikon ƙin sa hannu ba tare da ya ji tsoron sauyin wurin aiki ba. Idan babu wannan iko, shafukan uku za su shiga kabad su tarar da 'yan'uwansu.

Hujjar da na kawo ta tunani ce da misali. Tana buƙatar awo. Gundumomin nan suna da ayyuka na shekaru fiye da 30 a ƙasa, kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana Maraɗi, kusa da su duka. Ɗalibai za su iya ɗaukar hanyoyi, rijiyoyi da kasuwannin da suka shekara biyar ko fiye, su rubuta kowace lalacewa, su rarrabe ta gida uku: wadda ta fito daga aikin hannu ko kayan gini, wadda ta fito daga mahaɗa, da wadda ta fito daga buƙatar da ba a rubuta ba tun farko. A fara da Gidan Rumji mai gulbi mai gudu, a gwama da Agiye da Gazawa masu jigawa, a yi zagayen a watan Oktoba kafin iskar hunturu ta rufe sawun ruwa.